Furannin bazara a Birtaniya: Abin da ke cika ƙananan lambuna da launi daga Yuni zuwa Agusta

Daga farkon watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, bayan gidaje da gefen layin dogo a biranen Birtaniya kan sauya kama. Filayen da suka shafe watanni suna kwance cikin sanyi da taɓo sukan cika da furanni ja da fari da rawaya da shunayya, ƙudan zuma na shawagi a kansu har wajen ƙarfe tara na dare, domin a irin wannan lokaci rana ba ta faɗi ba tukuna.

Waɗannan watanni uku su ne kafafen yaɗa labarai na Hausa suka saba fassarawa da bazara, ko da yake sun sha bamban da bazarar da muka sani mai zafi da gumi kafin saukar ruwa. Tasu bazarar lokaci ne na ɗumi matsakaici, da yayyafi jefi-jefi, da doguwar rana, kuma ta faɗo daidai da tsakiyar daminarmu.

Wurare biyu ne furannin suka fi yawa. Na farko shi ne ɗan lambun da ke gaba ko bayan gida. Na biyu kuwa fili ne da ƙaramar hukuma ke yankawa gida-gida tana bai wa mazauna gari haya, wanda Turawan Ingila ke kira alotmen, mu kuma za mu kira shi lambun haya.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka samar da wannan ƙawa: yanayin ƙasar, da aikin da masu lambu ke farawa tun cikin hunturu, da wata doka da ta haura shekara 100 tana kare waɗannan ƙananan filaye daga gini. Na ukun ne yake fuskantar matsi a yau.

Mene ne lambun haya?

Cikakken lambun haya ya kai kimanin murabba'in mita 250, wato ya ɗan zarce rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka saba sayarwa a garuruwanmu. Saboda yawan masu nema, ƙananan hukumomi da dama yanzu sukan raba shi biyu ko ma huɗu. Kuɗin hayar ba su da yawa idan aka kwatanta da tsadar fili a can. A wurare da dama ba su kai fam 100 a shekara ba.

Asalin tsarin yana komawa ga lokacin da masu hannu da shuni suka killace makiyaya da gonakin al'umma a ƙarni na 18 da na 19, talakawan ƙauye suka rasa inda za su shuka abin kai wa bakin salati. Dokar killace filaye ta 1845 ta tanadi a riƙa ware wa ma'aikata matalauta 'yan gayaunu. A 1908 aka yi dokar da har yau ita ce ginshiƙi a Ingila da Wales, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambunan haya idan akwai buƙata. A ƙarƙashinta, mutum shida daga masu jefa ƙuri'a ko masu biyan haraji a yanki za su iya rubuta takarda, kuma wajibi ne hukumar ta duba koken nasu.

Dokar 1922 ta fayyace cewa lambun na noman kayan lambu da 'ya'yan itace ne domin cin mai shi da iyalinsa. Ta 1925 kuwa ta hana ƙaramar hukuma sayar da filin da aka keɓe domin wannan aiki sai da amincewar minista. Wannan sharaɗi shi ne ya sa har yanzu ake ganin kunyoyin albasa da furanni a tsakiyar unguwannin da gida ɗaya ke cin dubban ɗaruruwan fam.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun bunƙasa tsarin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwan Jamus suka datse hanyoyin shigo da abinci, gwamnati ta yi gangamin kiran jama'a su ɗauki fartanya, har adadin lambunan ya kai kimanin miliyan 1.4. Yau abin da ya rage bai wuce 300,000 da ɗoriya ba. Birnin Bamingham na daga cikin waɗanda suka fi yawansu, yayin da lambunan Sent An da ke Notingham, waɗanda ake nomawa tun shekarun 1830, ke cikin mafiya daɗewa, har gwamnati ta sanya su a jerin wuraren tarihi.

Tsawon rana da barazanar sanyi

Landan na nesa da tsakiyar duniya sosai, shi ya sa tsawon yini ke sauyawa matuƙa a can. A ranar 21 ga Yuni, hasken rana kan kai sa'a 16 da kusan minti 40, amma a ƙarshen Disamba bai cika sa'a takwas ba. A Kano kuwa, yini mafi tsawo bai kai sa'a 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura sa'a 11.

Tsirrai na lura da wannan bambanci. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini ne ke sanar da tsirrai da dama lokacin yin fure. Daga baya aka gano cewa tsawon dare ne ainihin abin da tsiron ke aunawa. Wasu furanni sai dare ya gajarce suke buɗewa, waɗannan su ne ke cika lambu a Yuni da Yuli. Wasu kuma sun fi sakin jiki idan dare ya fara tsawo, su ne ke karɓar fage daga Agusta.

Manomin Arewa ya san wannan ko da bai ba shi suna ba. Dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, takan fitar da kai ne a ƙarshen damina, lokacin da yini ya fara raguwa. Haka ma yakuwar da ake samun zoɓo daga gare ta. Agogo ɗaya ne ke aiki a gonar dawa ta Zariya da lambun bayan gida na Landan.

Abu na biyu shi ne sanyi. A daren da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifiri, raɓa kan daskare a kan ganye, ruwan da ke cikin tsiro ya zama ƙanƙara ya farfasa shi. Irin wannan dare kan iya zuwa har cikin watan Mayu, ya kuma dawo a Oktoba ko Nuwamba. Saboda haka tsirrai marasa jure sanyi wata huɗu zuwa biyar kawai suke da shi su girma, su yi fure, su zuba iri. Wannan gaggawa ce ke sa su buɗe kusan a tare, lambu ya cika da launi kamar an yi shawara.

Mafi yawansu baƙi ne

Furannin da ake ɗauka a matsayin alamar lambun Ingila, da yawansu daga wasu nahiyoyi aka kai su, ta hannun 'yan kasuwa da masu wa'azin Kirista da masu binciken tsirrai na zamanin mulkin mallaka.

Akwai wani ɗan uwan wake mai yaɗo da ake shukawa domin ƙamshin furensa kawai, wanda za a iya kira waken ƙamshi. Wani malamin coci a tsibirin Sisili na Italiya, Francesco Cupani, shi ne ya aika irinsa Ingila a 1699. A ƙarshen ƙarni na 19 wani mai lambu ɗan Sukotland, Henry Eckford, ya yi ta haɗa aure tsakanin ire-irensa har ya fitar da masu manyan furanni da launuka iri-iri. 'Ya'yansa ba a cin su, domin suna da guba.

Daliya, sarauniyar watan Agusta, 'yar ƙasar Meziko ce, kuma ita ce furen ƙasar a hukumance. Ta isa lambun binciken tsirrai na Madrid a 1789, aka raɗa mata suna domin tunawa da wani masani ɗan Suwidin, Anders Dahl. Tana da saiwa mai kama da dankali, kuma ire-irenta da aka yi wa rajista sun haura 50,000, daga mai fure kamar ƙwallon yara zuwa mai faɗin faranti.

Furen rana, wanda ake tatsar mai daga 'ya'yansa, daga Arewacin Amurka ya fito. Kosmos ma daga Meziko. Jeraniyam ɗin da ake jerawa a tukwane a bakin taga da giladiyolas mai dogon kara, asalin mafi yawansu Afirka ta Kudu ne. Akwai ma wani fure mai ruwan lemo da Turawa ke kira marigol ɗin Afirka, alhali kuwa Meziko ce mahaifarsa.

Wannan asali ne ya sa da yawansu ba sa jure sanyi. Sun fito daga ƙasashe masu ɗumi, don haka mai lambu a Birtaniya yake riƙe su kamar baƙon da ba a bari ya kwana a waje.

Kowane wata da nasa. A Yuni wardi ne ke kan gaba, tare da waken ƙamshi da ke fara hawa sanduna. A Yuli lafanda mai shunayya da ƙamshi kan cika gefen hanyoyin lambu. Daga Agusta sai daliya da furen rana da kosmos da giladiyolas su karɓa, su ci gaba har sanyi ya tsayar da su.

Aikin da ke bayan fure

Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara. Furen da ya buɗe a Yuli, tun Fabrairu ko Maris aka fara hidimarsa, wasu ma tun kakar bara. Ana zuba iri a ƙananan faranti, a ajiye a bakin taga cikin ɗaki ko a ɗakin gilashi. Idan ya tsiro, sai a riƙa fitar da shi waje da rana, a mayar ciki da dare, har kimanin mako biyu, domin ya saba da iska. Sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ake dasa shi a ƙasa.

Da zarar an dasa, sai yaƙi da dodon koɗi ya fara, musamman irin marar ƙoƙo da ke fitowa da dare bayan ruwan sama, wanda kan cinye dashen daliya kafin gari ya waye. Sai kuma darɓa da ke maƙalewa a tohon wardi. Masu lambu da dama sun daina fesa magani, sun koma tsince su da hannu ko barin tsuntsaye da kwaɗi su yi musu aikin.

Babbar dabarar tsawaita fure ita ce yanke wanda ya fara yaushi. Burin tsiro shi ne ya samar da iri. Da zarar ya samu, sai ya daina fure. Idan aka cire furen kafin ya ƙulla 'ya'ya, dole tsiron ya sake fitar da wani. Waken ƙamshi ya fi kowa nuna wannan hali: idan ana tsinkarsa duk bayan kwana biyu ko uku, zai yi makonni yana bayarwa, idan kuma aka bar shi ya yi kwanso, ya gama ke nan.

Me ya kawo fure tsakiyar kayan miya?

Tunda doka ta ce lambun haya na abinci ne, ana iya tambayar abin da ya kai furanni ciki. Dokar ta ce akasarin filin ya zama na abinci, don haka akwai sarari ga fure, kuma masu lambu na da dalilinsu. Kabewa da wake da tuffa da makamantansu na buƙatar ƙwari su ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan kafin su yi 'ya'ya. Layi ɗaya na furanni a gefen kunya kan jawo ƙudan zuma, amfanin gona ya ƙaru. Wasu furannin kuma na kore ƙwarin ɓarna. Binciken da aka yi a Jami'ar Niyukasil a 2019 ya nuna cewa warin da marigol ke fitarwa na rage farin ƙuda a jikin tumatir, abin da tsofaffin masu lambu suka daɗe suna faɗa.

Amfanin ya wuce kunyar mutum ɗaya. Birtaniya ta yi asarar kimanin kashi 97 cikin 100 na makiyayanta masu furannin daji tun daga shekarun 1930, sakamakon noman zamani da gine-gine. Wani bincike da Jami'ar Biristol ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya ƙirga ƙwari masu ziyartar fure a birane huɗu: Biristol da Redin da Lids da Edinbara. Sakamakon ya nuna cewa lambunan haya da na gidaje sun fi sauran filayen birni tara irin waɗannan ƙwari. Ƙudan zuman da gonakin karkara suka kora, a bayan gidajen birni suka samu mafaka.

Lambunan sun kuma zama mahaɗar jama'a. A Bamingham da Landan, za a ga ɗan asalin Jamaika ko Afirka ta Yamma na noma alayyafo, ɗan Bangaladash na ɗora duma a kan rumfa, maƙwabcinsu Bature na ɗaure daliya a jikin sanda, suna musayar iri da dashe ta kan shinge.

Nune-nune da kasuwa

Son fure ya zama al'ada mai cibiyoyi. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, wadda aka kafa a 1804, tana shirya baje-kolin furanni na Chelsea a kowane Mayu, kuma tun 1913 ake yin sa a wurin da yake yanzu. A ƙauyuka da unguwanni kuwa, ana yin ƙananan gasa a Agusta da Satumba, inda alƙalai ke auna daliya da albasa da ma'auni. Akwai kuma shirin buɗe lambunan gidaje ga baƙi, wanda aka fara a 1927 da kimanin lambuna 600, kowane baƙo na biyan sule ɗaya domin tallafa wa ma'aikatan jinya. Har yau shirin na tara kuɗi domin ayyukan lafiya.

Ta fuskar ciniki kuwa, labarin ya sha bamban. Mafi yawan furannin da ake sayarwa a shagunan Birtaniya daga waje ake shigo da su, ta babbar kasuwar gwanjo ta Alsmiya da ke kusa da Amsterdam a ƙasar Holan, ko kai-tsaye daga gonakin gefen tafkin Naibasha na Kenya, da Habasha, da Kolombiya. Mai lambun haya ba ya cikin wannan ciniki, domin ƙa'ida ta hana a mayar da lambun wurin kasuwanci. Sai dai tun 2011 ƙananan manoman furanni na cikin gida suka kafa ƙungiya, suna sayar da irin furannin da ba sa jure doguwar tafiya, kamar waken ƙamshi da daliya, ga masu biki da shagunan unguwa.

Fili ya yi tsada

A nan ne matsalar take. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta bayyana a 2020 cewa gida ɗaya cikin takwas ba shi da lambu, a Landan kuwa ɗaya cikin biyar. Ta kuma gano cewa a Ingila baƙar fata sun ninka farar fata kusan sau huɗu wajen rashin ko da ɗan tsakar gida. Ga irin waɗannan iyalai, lambun haya ne kaɗai hanyar taɓa ƙasa.

Amma filayen raguwa suke yi. Masana a Jami'ar Shefild sun wallafa a 2020 cewa ƙasar lambunan haya a biranen da suka nazarta ta ragu da kashi 65 cikin 100 daga tsakiyar ƙarni na 20, kuma unguwannin talakawa ne suka fi asara. Alƙaluman da ƙungiyar Greenpeace ta tattara daga ƙananan hukumomi a 2023 sun nuna cewa masu jiran layi a Ingila sun haura 150,000. A wasu unguwannin Landan mutum kan yi sama da shekara goma yana jira.

Dokar kanta tana da ɓaraka. Ba ta ƙayyade wa'adin da hukuma za ta samar da fili ba, kuma ƙananan hukumomin tsakiyar Landan ba sa cikin waɗanda aka wajabta wa. Amincewar minista ma ba ta gagara idan babban aiki ya taso. A 2007 aka rushe lambunan Mano da ke gabashin Landan domin gina filin wasannin Olamfik na 2012. An kuma nema wa masu su wani wuri. Masu goyon bayan gini na da hujjarsu, domin ƙasar na fama da ƙarancin gidaje, matasa da dama ba sa iya biyan haya. Kowane fili da ke tsakiyar gari, ana iya ganin sa a matsayin lambu ko a matsayin gidajen iyali hamsin.

Yanayi ma ya fara sauya lissafi. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a garin Koninsbi, karo na farko da aka haura 40 a tarihin ƙasar. A irin waɗannan shekaru kamfanonin ruwa kan hana ban-ruwa da tiyo, wanda ya karya kuma ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Masu lambu sun koma tara ruwan indararo a ganguna, da rufe ƙasa da taki domin ta riƙe laima, da shuka masu jure fari irin su lafanda.

Wannan takaddama tsakanin lambu da bulo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu lambun gefen kogin Jakara a Kano da masu renon furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna, da yawansu a filin aro ko na haya suke aiki, wanda za a iya karɓewa duk ranar da mai saye ko aikin gwamnati ya zo. Abin da ya bambanta lamarin Birtaniya shi ne cewa an rubuta haƙƙin ɗan ƙaramin mai lambu a doka tun 1908, har sai an kai ga teburin minista kafin a tashe shi. Dokar filaye ta Nijeriya ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnoni, don haka keɓe irin waɗannan wurare a tsarin gari abu ne da ke cikin ikonsu.

A can kuwa, da zarar raɓa ta daskare a karon farko a Oktoba ko Nuwamba, ganyen daliya kan yi baƙi cikin dare ɗaya. Mai lambu sai ya sare karan, ya tono saiwar, ya kakkaɓe ƙasa, ya ajiye ta a akwati a wuri busasshe har Afrilu. Ƙananan hukumomi da dama ma a wannan kakar suke aika takardar sabunta haya, su kuma kira na gaba a jerin masu jira idan wani ya ajiye fartanya.